Ƙunshi a Ƙafar Hagu

A Sentul, wata unguwa ta birnin Kuala Lumpur, bayan tsofaffin rumfunan da a da ake gyaran jiragen ƙasa, akwai wani gareji mai ƙofa biyu inda Mika'ilu ya shekara ashirin da biyu yana shiga da fita. Wanda ya gan shi yau, da furfura a gemu da tsumman goge mai a aljihun baya, ba zai ce wannan mutum ya taɓa gudun kilomita ɗari biyu da goma a awa guda ana tafa masa ba. In aka kira shi ta hannun dama, ba ya waiwayowa da wuya. Sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya, kamar wanda ya ɗauko tulu a ka. Ɗaliban Najeriya da ke kawo masa tsofaffin motocinsu suna ce masa Baba Sepang, da sunan filin tseren da ya cinye masa ƙuruciya. Yakan amsa, amma ba ya ɗago kai daga inji.

Mutumin Tudun Wadan Zariya ne. Mahaifinsa direban fijo ne tsakanin Zariya da Funtuwa, a zamanin da titin yake titi, jirgin ƙasa kuma yake shigowa tasha a kan lokacinsa har mata su ɗora tukunya da jin kukansa. A shekarar 2000 gwamnati ta turo Mika'ilu Kuala Lumpur karatun injiniya. Shekara biyu ya yi a aji. Ran nan wata tsohuwar mota da ya saya ta lalace, ya kai ta garejin nan na Sentul, wanda wani ɗan Caina ne mai shi, kowa na kiransa Ankul Cong. Da aka gama gyara, Ankul ya shiga gefe ya ce a zaga a gwada. Suka zaga. Da suka dawo, tsohon ya daɗe bai buɗe ƙofa ba, can ya tambaye shi ko yana da abin yi ranar Lahadi.

Tun daga wannan Lahadin digiri ya tsaya inda ya tsaya.

Motocin da suke tsere da su ba irin dogayen nan ne masu fiffike da ake gani a talabijin ba. Motocin gida ne, irin wanda kowa ke saya ya kai 'ya'yansa makaranta. Sai a cire kujeru a bar ɗaya, a ƙera keji na ƙarfe a ciki, a ƙara wa inji ƙarfi, a manna lamba a ƙofa. Tasa lambar arba'in da bakwai ce. Shekara goma ya yi yana tuƙa wa Ankul, ya shiga tsere sittin da ɗaya, ya zo na ɗaya sau biyu, ya zo na uku a wani dogon tsere na awa goma sha biyu wanda har yau in ya tuna zafin cikin motar sai ya nemi ruwa. Bai yi suna ba, bai kuma yi arziki ba. Amma a shekarun nan da tuƙi yake ci, da shi ya yi aure, da shi ya kawo matarsa Ummukulthum daga gida. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa kallo ba. Ranar tsere sai ta rufe ƙofa ta ɗauki carbi har ya dawo.

A watan Nuwamba na 2012, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, motar da ke bayansa ta taɓa shi a kwanar ƙarshe. Ya juya sau uku ya daki katanga. Ƙasusuwa biyu na wuyansa suka tsage. Likitoci suka haɗa su da ƙarfe, suka ce ya gode wa Allah da yake taka ƙasa, amma hular kwano ta haramta gare shi. Ankul bai kore shi ba. Ya mayar da shi bakanike, ya ci gaba da sabunta masa takardar zama. Bayan shekara takwas Ummukulthum ta kwanta ciwon ajali, aka binne ta a nan. Ya rage daga shi sai 'yarsu ɗaya tilo, Afnan.

Abu ɗaya ne ya fito da shi daga tsere wanda hatsari bai taɓa ba, wato ƙafarsa ta hagu. Kowane direba da ƙafar dama yake taka totur, da ita kuma yake taka birki. Ɗan tsere yakan ga wannan asara ce, domin kafin ƙafa ta tashi daga wannan ta sauka a kan wancan, rabin daƙiƙa ya wuce, rabin daƙiƙa kuwa a wurinsu tsawon mota shida ne. Saboda haka dama ta zauna a totur, hagu ta tsaya a kan birki. Ankul da naɗaɗɗiyar jarida ya koya masa, yana bugun gwiwarsa har ƙafar ta koyi tunani da kanta. Shi kuma da Afnan ta kai shekara goma sha uku, sai ya riƙa kai ta filin ƙananan motocin tsere na yara ranar Asabar, ya koya mata yadda aka koya masa, ban da jaridar. Ba shi da gida a Zariya da zai bar mata, ba shi da gona. Wannan ce gadonta, kuma ya ba ta tun yana raye.

Ita ce kuwa ta zo ta tsaya mata a maƙogwaro.

Afnan ta gama karatun gyaran na'urorin asibiti a wata jami'a a Bukit Jalil. Wani kamfani ya ɗauke ta aiki, za ta riƙa zagaya ƙananan asibitoci tana duba na'urorinsu, su kuma za su nema mata takardar zama. Sharaɗi ɗaya suka gindaya: ta kawo lasisin tuƙi kafin talatin ga watan Yuni. A wannan makon ne bizarta ta ɗaliba za ta ƙare. Ta girmi zama a ƙarƙashin takardar uba. In babu lasisi babu aiki, in babu aiki sai jirgin Kano, wurin goggonta, a ƙasar da ta taɓa zuwa sau biyu kacal tun tana ƙarama. Shi kuma ya zauna shi kaɗai a ɗaki biyu na Sentul, da kabari guda da yake ziyarta ranar Juma'a.

Da farko bai ɗauki abin da zafi ba. 'Yar Mika'ilu ce za ta faɗi jarrabawar tuƙi? Motar gwajin ma mai canza giya da kanta ce, feda biyu ne kawai. To, a gwajin farko ba a yi minti huɗu ba jami'in ya leƙa ƙasa ya ga ƙafa biyu a kan feda biyu, ya ce ta faka. A ƙa'idarsu ƙafar hagu hutawa take yi a gefe. A na biyu ta daure, ta danne ƙafar har suka kusa dawowa, sai wani mai babur ya faɗo mata gaba daga lungu. Kafin ta sani hagu ta riga ta yi aikinta.

Da azahar ɗin ranar suka zauna a mamak, gidan abincin Indiyawan nan da ke bakin layinsu. Ta sa shayi a gaba ba ta sha ba.

"Abba, ka san abin da ya ce? Wai shekararsa goma sha takwas yana wannan aiki bai taɓa ganin wanda ya tsayar da mota da sauri haka ba. Sannan ya rubuta na faɗi."

"To ai rabin maganarsa gaskiya ne."

"Ba wasa nake yi ba lah."

"Ƙafar nan ita ta ceci mai babur ɗin. Da dama ce da yanzu yana asibiti."

"Sai ka je ka faɗa wa kamfani. Ka ce musu 'yata ba ta da lasisi, amma tana da ƙafa." Ta ture kofin. Hausarta in ranta ya ɓaci takan karye, Turanci da Malayanci su shigo, amma wannan karon a miƙe ta fito. "Saura gwaji ɗaya, ranar ashirin da ɗaya. Kai ka sa mini ita. Ka cire mini."

Ya ce boleh, zai yiwu. Kwana uku a jere suna zuwa filin ajiye motoci na babban dandalin wasanni a Bukit Jalil da sassafe, lokacin da babu kowa sai masu shara. Ya jera robobin ruwa a matsayin kwana. Duk sanda ta doso su sai ya ce, "Dama! Dama!" Ta yi daidai sau biyar, na shida hagu ta yi tsalle. A rana ta uku, har ya fara tunanin naɗe jarida, sai ta tsayar da motar ta nuna masa ƙasa.

"Dubi taka."

Ya duba. Yana zaune a kujerar fasinja, amma ƙafarsa ta hagu ta danne darduma da ƙarfi, tana taka birkin da babu shi. Bakinsa na cewa dama, ƙafarsa na ƙaryata shi, yarinyar kuwa tun tana shekara goma sha uku ƙafarsa take kallo, ba bakinsa ba. Ya kashe motar da hannunsa. Gajiya ta sauko masa irin wadda bai ji ba tun yana kwance a asibiti.

Akwai wata mata a Bukit Jalil, Hajiya Ɗelu, matar Dakta Bello da ke koyarwa a jami'a. Ita ke dafa wa ɗaliban Hausawa masa da miyar taushe da dambu, ta zuba a robobi ta kai musu har ƙofar gida, ita ce kuma mai yi wa mata ƙunshi in Salla ko suna ya zo. Shekararta goma sha huɗu tana tuƙi a garin nan ba ta taɓa goga wa kowa mota ba, ba ta kuma taɓa wuce kilomita sittin ba, ko a babbar hanya. Mika'ilu ne ke yi mata sabis. Shi ne ya taɓa cewa a gaban ɗalibai injin motar Hajiya har yanzu bai san an saye shi ba, shi ne kuma ya raɗa mata Hawainiyar Bukit Jalil. Sunan ya bi ta, kuma ta san bakin da ya fito.

Bayan la'asar ya sayi lemo da ayaba a kasuwar Chow Kit, ya ɗauki Afnan suka tafi. Dakta Bello ya shigar da su falo. Aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da zafin gari. Sai Hajiya ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Ikon Allah. Baban Afnan, yau wace iska ce ta jefo zomo gidan hawainiya?"

"Hajiya, a yi haƙuri da abin da ya wuce."

"Me ya wuce? Ai ni ba abin da ke wuce ni sai motoci."

Dakta ya ɗaga jarida ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Mika'ilu ya faɗi abin da ya kawo shi tun daga farko, bai rage komai ba, har da dardumar da ya danne. Ya ce shi ya iya sa mota gudu, amma bai san yadda ake koya wa ƙafa zama ba.

Hajiya ta daina dariya. Ta dubi Afnan, ta dubi ƙafafunta.

"Saura kwana nawa, 'yata?"

"Goma sha ɗaya, Mama."

"Gobe ƙarfe shida ki zo mini da silifas. Kai kuma, Baban Afnan, ka zauna a garejinka. In na hango ka a filin nan, ko daga nesa ne, na fasa."

Abin da ya faru a filin daga bakin Afnan ya ji shi. Da ta isa, Hajiya ba ta ba ta makulli ba. Ta zaunar da ita a kan tabarma, ta kwaɓa lalle, ta ɗauki ƙafar hagu kaɗai ta yi mata zane na gani na faɗa, tun daga yatsu har tafin ƙafa, irin wanda ake yi wa amarya. Ta naɗe da leda ta ɗaure. Aka tallabe ta zuwa mota tana ɗingishi da ƙafa ɗaya. A filin, Hajiya ta mayar da ita mazaunin direba, ta ajiye ƙafar a gefe a kan dunduniya, ta kuma ɗora tukunyar miya cike a kujerar baya, murfin a sake.

"To bismilla. In kika taka min zanen nan ya caɓe, haka za ki yi wata guda kina yawo da shi, kowa ya ce ƙunshin Ɗelu ne. In kuma miyata ta zube, ke da ɗaliban da ke jira."

Afnan a Kuala Lumpur aka haife ta, amma ta yi duk Sallolin ƙuruciyarta a hannun uwa Bahaushiya. Ta san zaman ƙunshi. Ta san yadda mace ke zaune awa huɗu da ƙaiƙayi a hanci ba ta motsa ba, ta san muryar mahaifiyarta tana cewa kul kika taka. Abin da tsawar uba ta kasa, wannan tsohon tsoro ya yi shi. Ranar farko ƙafar ta zabura sau uku, ta caɓe babban yatsa. Hajiya ta yi salati ta ce an zubar mata da mutunci. Washegari aka sake ɗora wani lallen a kan na jiya. Haka kullum, har kwana goma. Ta dawo gida da yamma ƙafar hagu ta yi ja, ta koma jawur, ta koma kusan baƙa, ta dama kuwa fara sol.

Mika'ilu ya cika alkawari, bai je ba. Yana gareji yana kwance ƙarƙashin motocin mutane, yana ɗaure noti yana kwancewa. Ankul Cong, wanda yanzu ya tsufa sai zama a kujera da fanka a gaba, ya tambaye shi ina yarinyar. Da ya ba shi labari, tsohon ya girgiza kai ya ce shekara biyu ya yi kafin ya dasa wannan ƙafa a jikin Mika'ilu, ga shi za a tumɓuke irinta da ganye.

Ranar ashirin da ɗaya, ƙarfe tara saura kwata, ya kai ta wurin gwajin. Ta sa takalmi rufaffe kamar yadda ƙa'ida ta ce, ba mai ganin abin da ke ciki. Ya zauna a benci ƙarƙashin rumfar kwano tare da iyayen wasu. Ya ga ta hau ɗan tudun gwaji ta tsaya a kan layi, ta faka a gefe, ta juya a ƙuntataccen wuri. Sannan ƙaramar motar ta fita ƙofa ta hau titi da jami'i a gefe, ta karya dama, inda wuyansa ba ya kaiwa. Ya taɓa jiran a ɗaga tuta da motoci arba'in na ruri kewaye da shi, bai ji jira ya yi masa tsawo irin na wannan zaman ba. Minti goma sha tara ya ƙirga a agogonsa.

Ta fito da takarda a hannu. Ba ta yi tsalle ba, ba ta yi ihu ba. Ta zo ta zauna kusa da shi ta ɗora masa a cinya. Ya karanta sau biyu.

"Alhamdu lillahi," ya ce. Can ya ƙara, "Ba mai babur yau?"

"Har biyu. A na biyun ƙafar ta ɗaga, Abba, na ji ta ɗaga. Sai na ji kamar ledar na nan."

Da sati ya zagayo lasisi ya fito, kamfani ya karɓa, aka shigar da takardunta. Ranar da za ta fara aiki ta ce ita za ta sauke shi a gareji. Ya shiga gefe ya ɗaura bel. Ta ja motar a hankali ta bi ta gaban tsofaffin rumfunan jirgi, hannu biyu a sitiyari, tana ba kowa hanya. Ƙafar hagu na gefe a kwance cikin takalminta kamar baƙuwa. Da suka doso danja, ya ji lokacin da ya kamata birki ya kama, ya ji kuma lokacin da ya kama. Tsakaninsu rabin daƙiƙa. Ba wanda zai lura da shi a duk faɗin garin nan sai shi, da wani tsoho mai fanka.

"Kin makara da birki," ya ce.

"Na sani."

"Haka suke so."

"Haka suke so, Abba." Ta ɗan dube shi. "Mama ta ce in gaya maka, in kana so ta yi maka kai ma, kyauta."

"Ce mata tsohuwar fata ba ta kama lalle."

Ta sauke shi a ƙofar gareji, ta ce kada ya jira ta da abinci, za ta yi tapau, wato ta sayo a ƙunshe, ta taho musu da shi. Motar wani ɗalibi na tsaye tun safe da bonet a buɗe, mai ita na ta kiran Baba Sepang, Baba Sepang. Afnan ta kunna sigina tun babu kowa a bayanta, ta jira, ta hau titi ta yi dama. Mika'ilu ya juya da jikinsa gaba ɗaya ya bi ta da kallo har ta shige cikin motoci. Sannan ya zaro tsumma daga aljihun baya ya tambayi yaron me motar take yi.